Kurakuran Zuba Bayanan Gwaji a Rumbun Ƙamus na Intanet da Hanyoyin Gyara Su

1. Gabatarwa

Aikin ƙamus da a da ake yi da katuna da akwatunan kwali ya koma cikin kwamfuta. Ɗalibin kimiyyar harshe da ya tara kalmomi a ƙauyukan Maraɗi ko na Tawa, idan yana son jama'a su amfana da su, dole ya zuba su a rumbun bayanai, sannan a gina manhajar intanet da za ta riƙa ɗebo su tana nuna wa mai nema. Wannan buƙata ta ƙaru tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025.

Kafin a ɗora wa sabon rumbu bayanan gaskiya, masu rubuta manhaja kan cika shi da bayanan ƙirƙira don su ga ko zai ɗauka. A Ingilishi suna kiran wannan aiki da kalmar da ke nufin shuka iri. A wannan muƙala za a kira shi zuba bayanan gwaji. Aikin yana da sauƙi a ido, amma a nan ne kurakurai da yawa suke fara bayyana, kuma mafi haɗari daga cikinsu sun shafi harshe kai tsaye. Muƙalar za ta bi waɗannan kurakurai rukuni-rukuni, ta faɗi musabbabin kowanne da maganinsa. Misalan duk za su fito ne daga rumbun MySQL da tsarin Laravel na harshen PHP, kasancewar suna cikin kayan aikin da aka fi amfani da su wajen gina irin waɗannan manhajoji.

2. Rumbun da Ake Magana a Kansa

Rumbun bayanai tarin jadawali ne. Kowane jadawali yana da layuka, kowane layi yana da gurabe, kuma akwai lamba ɗaya da ke bambanta layi da ɗan'uwansa, wadda ake kira mabuɗin asali. A ɗauka ana gina ƙaramin ƙamus mai jadawali huɗu: na jihohi, na masu ba da bayani, na kalmomi, da na ma'anoni. Kowane mai ba da bayani yana ɗaure da jiharsa, kowace kalma tana ɗaure da wanda aka ji ta a bakinsa, kowace ma'ana kuma tana ɗaure da kalmarta. Gurbin da ke riƙe da wannan ɗauri shi ne mabuɗin alaƙa.

Dalilin farko na amfani da bayanan gwaji shi ne yawa. Manhajar da ke gudu lafiya da kalmomi 20 tana iya sanƙarewa da 20,000, kuma gara a gane haka tun da wuri. Dalili na biyu shi ne amana. Sunayen tsofaffin da suka ba da kalmomi, da shekarunsu da lambobin talhonsu, bai kamata su riƙa yawo a kwamfutocin gwaji ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a ranar 3 ga Mayu 2017, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kan wannan fanni.

Kayan aikin da aka fi sani wajen ƙirƙiro bayanan shi ne Faker. François Zaninotto ne ya rubuta na PHP, ya kuma dakatar da aiki a kansa a 2020, daga nan wasu suka ci gaba da shi da sunan FakerPHP. Idan ba a zaɓa masa harshe ba, sunaye da adireshin Amurka yake bayarwa. Idan aka zaɓi fr_FR, sai ya kawo na Faransa. Wannan batu zai sake dawowa a gaba.

3. Kurakuran Tsari

3.1 Ɗa kafin uba. Kuskure mai lamba 1452 yana fitowa ne idan aka yi ƙoƙarin zuba layin da ke nuni ga wani layin da babu shi. Alal misali, a zuba ma'ana a ce ta kalma ta 40 ce, alhali jadawalin kalmomi fanko yake. Maganin shi ne a bi tsarin dogaro: jihohi da farko, sai masu ba da bayani, sai kalmomi, sannan ma'anoni. Wajen sharewa kuma a juya tsarin, a fara daga ma'anoni. Wanda ya nemi kwashe jadawalin kalmomi da umarnin TRUNCATE alhali na ma'anoni yana ɗaure da shi, kuskure na 1701 zai tare shi.

Akwai wani salon wannan kuskure da ke ruɗa masu koyo: zubi na farko ya wuce lafiya, na biyu ya ƙi. Abin da ke faruwa shi ne, umarnin DELETE yana share layuka amma ba ya mayar da ƙidayar mabuɗin asali baya. Idan zubin farko ya ba kalmomi lamba 1 zuwa 50, na biyu zai fara ne daga 51. Rubutun umarnin da aka kafe masa cewa ya zaɓi lamba tsakanin 1 da 50 zai riƙa nuni ga kalmomin da aka riga aka share. Saboda haka bai kamata a rubuta lambobin da hannu ba. A sa manhajar ta ɗebo su daga jadawalin a lokacin da take aiki.

Wasu kan kashe binciken mabuɗan alaƙa gaba ɗaya don saƙon kuskure ya daina damunsu. Zubin zai wuce, amma zai bar marayun layuka, wato ma'anoni marasa kalma, waɗanda za su karya shafin nema daga baya.

3.2 Maimaici. Kuskure na 1062 yana nufin an maimaita abu a gurbin da aka hana maimaici. Faker yana zaɓe ne bisa ƙuri'a, kuma ƙuri'a tana maimaita kanta da wuri fiye da yadda hankali yake zato. Lissafi ya nuna cewa idan ana zaɓe daga abubuwa 1,000, zaɓi 38 kacal ya isa yiwuwar maimaici ta haura rabi. Faker yana da umarnin unique() da ke tuna abin da ya riga ya bayar, sai dai shi ma yana da iyaka: idan ya gwada sau 10,000 bai sami sabo ba, sai ya tsaya da kuskure. Wanda ya nemi sunayen jihohi 9 mabambanta daga jerin jihohin Nijar zai ci karo da wannan, domin 8 ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Darasin da ke nan shi ne, jerin da aka san iyakarsa, kamar jihohi ko azuzuwan kalmomi, rubuta shi ake yi cikakke sau ɗaya. Ƙuri'a ta dace ne da abin da ba shi da iyaka sananniya.

3.3 Kaya ya fi ƙarfin mazubi. Lambar talho a Nijar tana da alƙaluma 8. Idan aka yanka gurbi daidai wannan tsawo, sannan Faker ya kawo lambar Faransa mai alƙaluma 10, kuskure na 1406 zai fito. Haka kuma, idan aka ajiye lambar talho a matsayin adadi na lissafi, sifirin da ke farkonta zai ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Lambar talho rubutu ce, domin ba a tara ta ba a kuma ɗebe ta.

Kwanan wata ma yana da nasa tarko. Gurbi nau'in TIMESTAMP yana karɓar ranaku ne daga farkon 1970 zuwa 19 ga Janairu 2038. Mai ba da bayanin da aka haifa a 1948 ba zai shiga ba, kuskure na 1292 ne zai fito, alhali irin waɗannan dattawa su ne jigon binciken karin harshe. Nau'in DATE, wanda ya faro daga shekara ta 1000 zuwa ta 9999, shi ya dace da ranar haihuwa. A kuma tuna cewa MySQL yana son shekara, wata, rana, saɓanin rana, wata, shekara da aka saba rubutawa a takardun hukuma.

4. Kurakuran Haruffa

4.1 Haruffa masu ƙugiya. Kwamfuta lambobi take ajiyewa, kuma tsarin Unicode ne ya ba kowane harafi lambarsa: ɓ yana da U+0253, ɗ yana da U+0257, ƙ yana da U+0199, ƴ kuma U+01B4. A tsarin UTF-8, harafi irin k yana cin bayit ɗaya, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan huɗu yana cin biyu. Tsohon tsarin latin1, wanda shi ne zaɓin asali na MySQL kafin fitowa ta 8.0, ya san é da ç na Faransanci amma bai san ko ɗaya daga cikin haruffa masu ƙugiya ba.

Idan gurbi yana kan latin1 aka tura masa kalmar ƙasa, ɗayan abu biyu zai faru. A yanayin tsanantawa, wanda MySQL ke kunnawa da kansa tun fitowa ta 5.7, zubin zai tsaya da kuskure na 1366. Wannan alheri ne. Idan kuwa an kashe tsanantawar, rumbun zai maye gurbin harafin da alamar tambaya ya ci gaba abinsa. Nan ne asarar da ba ta da gyara take, domin wanda ya tarar da ?ari a jadawali ba shi da hanyar sanin ko ɓari ne, ko ɗari, ko ƙari.

Akwai kuma yanayin da gurbin yake daidai amma hanyar da ta haɗa manhaja da rumbu take kan latin1. A nan sai a karanta bayit biyu na harafi ɗaya kamar haruffa biyu ne daban. Bayit ɗin ƙ su ne C6 da 99, don haka ƙasa takan koma Æ™asa, ƴ kuma ya koma Æ´. Wannan ɓaci yana gyaruwa, tun da bayit ɗin suna nan. Matsalarsa ita ce yana iya ɓoyewa: manhajar da ta rubuta ta gurɓatacciyar hanya, idan ta karanto ta wannan hanyar, za ta nuna kalmar lafiya lau, sai ranar da aka fitar da bayanan zuwa wata manhaja asiri ya tonu. Maganin duka shi ne a sa utf8mb4 a wurare huɗu: rumbun, jadawalin, hanyar haɗi, da shafin da ke nunawa, a kuma adana fayil ɗin kalmomin da UTF-8. Tun ran gini ran zane, domin sauya tsarin haruffa bayan an cika rumbu aiki ne mai wuya.

4.2 Ƙirga da yanka. Umarnin strlen na PHP bayit yake ƙirgawa, shi ya sa yake ba da 5 ga kalmar ƙasa, alhali mb_strlen yana ba da 4. Haka nan substr yana iya yanka jimla a tsakiyar harafi, ya bar rabin ɗ a ƙarshe, rumbun kuma ya ƙi karɓa da kuskuren nan na 1366. Irin wannan kuskure yakan zo yau ya ƙi zuwa gobe, gwargwadon inda wuƙar ta faɗa. Umarnin ucfirst ma ba ya mayar da ƙ zuwa Ƙ. Ga rubutun Hausa, dangin umarnin da suka fara da mb_ su ne abin dogaro.

4.3 Alamar hamza. Harshen SQL yana amfani da alamar ' wajen buɗe rubutu da rufe shi. Hausa kuma tana amfani da ita a kalmomi kamar sa'a, jami'a da ma'aikaci. Idan aka liƙa kalmar kai tsaye cikin umarni, rumbun zai ɗauka rubutun ya ƙare a sa, ragowar kuma ya zama shirme a wurinsa, sai kuskure na 1064 ya fito. Hanyar da ta dace ita ce a aika umarni daban, bayani daban, kamar yadda Laravel ke yi idan aka bi ta kayan aikinsa. Wannan ƙofar ce kuma masu kutse suke bi su cusa nasu umarnin, don haka kalmar sa'a gwaji ce mai kyau ga tsaron manhaja.

Bugu da ƙari, alamar tana da siffofi uku a Unicode: U+0027 ta allon bugu, U+2019 wadda manhajojin rubutu ke sauyawa da kansu, da U+02BC wadda aka ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a wurin na'ura kuwa daban-daban ne. Dole ƙamus ya zaɓi ɗaya ya mayar da sauran gare ta kafin ajiya. Haka batun yake ga ƴ, wanda ƙa'idojin rubutun Nijar na 1999 suka tabbatar, alhali a Najeriya 'y ake rubutawa. Mai neman ƴaƴa da mai neman 'ya'ya kalma ɗaya suke nema, kuma bayanan gwaji ya kamata su ƙunshi duka biyun don a ga ko manhajar ta san haka.

5. Kwatanci da Jere

Kowane gurbin rubutu yana da ƙa'idar da ke yanke hukunci a kan abu biyu: yaushe kalmomi biyu suke ɗaya, kuma wace ce ke gaba a jeri. Zaɓin asali na MySQL 8.0 shi ne utf8mb4_0900_ai_ci, wanda ba ya kula da alamomin da ke bisa wasula, ba ya kuma bambanta babban baƙi da ƙarami. Ga mai rubutun yau da kullum wannan sauƙi ne. Ga mai ƙamus kuwa matsala ce, domin karin sauti yana bambanta ma'ana a Hausa. Kuukaa na hawaye da kuukàa itaciya zubin kamantau ne, haka wuyàa na jiki da wùyaa ta wahala. Idan an hana maimaici a gurbin, rumbun zai karɓi ta farko ya kori ta biyu da kuskure na 1062, yana ganin kalma ɗaya ce aka kawo sau biyu.

Ɗalibin da bai gane musabbabin ba yakan cire hanin maimaici, ko ya goge ɗaya daga cikin kalmomin, kuma duka biyun ɓarna ce. Abin da ya dace shi ne a ware gurabe biyu. Na farko ya ɗauki kalmar a rubutun yau da kullum, a bar shi ya maimaitu, domin kuka biyu ne a ƙamus. Na biyu ya ɗauki kalmar da tsawon wasali da karin sauti, a sa masa ƙa'idar da ke ganin alamomi, kamar utf8mb4_0900_as_ci. Hanin maimaici kuma a ɗora shi a kan haɗakar gurbi na biyu da ajin kalma da lambar da ke raba kalmomi masu furuci ɗaya.

Wani abin lura shi ne harafin à yana iya zama lamba ɗaya, U+00E0, ko kuma a da alamar U+0300 a bayansa. A ƙarƙashin ƙa'idar utf8mb4_bin, wadda ke kwatanta lambobi tsagwaronsu, waɗannan biyu ba ɗaya ba ne, don haka kalma ɗaya za ta iya shiga sau biyu ba a sani ba. Maganin shi ne a daidaita kowane rubutu zuwa siffar NFC kafin a ajiye shi. Sai dai masu nuna dogon wasali da ɗan layi a bisa su sani cewa Unicode ya tanadi dunƙulalliyar lamba ga ḕ da ṑ, amma bai tanadar wa a, i da u masu layi da karin ƙasa ba. Waɗannan za su ci gaba da zama lamba biyu ko bayan daidaitawa, kuma duk lissafin tsawon kalma sai ya yi la'akari da haka.

Ta fuskar jere, utf8mb4_bin yana tura haruffa masu ƙugiya bayan z, a tsarin lambobinsu: ƙ, ƴ, ɓ, ɗ. Ƙa'idojin da aka gina bisa Unicode sun fi kusa da daidai, domin suna ajiye ɓ bayan b da ƙ bayan k, amma ba su ɗauki sh da ts a matsayin baƙi guda ba. Kundin CLDR yana da ƙa'idar jere ta Hausa da ta kula da wannan, kuma rumbun PostgreSQL yana iya amfani da ita ta hanyar ICU tun fitowa ta 10 a 2017. Wanda ya tsaya a kan MySQL zai iya ƙara gurbi na musamman da ke riƙe da mabuɗin jere na kowace kalma.

6. Zubin da Ya Wuce Lafiya

Mafi munin sakamako shi ne a zuba layuka 10,000 babu kuskure ko ɗaya, a yi murna, alhali ba a gwada komai ba. Sunayen Amurka da jimlolin Latin na cike gurbi da Faker ke bayarwa ba su da ƙ, ba su da karin sauti, kuma da wuya a sami hamza a cikinsu. Duk matsalolin sashe na 4 da na 5 za su kwanta shiru har ranar da aka zuba kalmomin da aka sha rana wajen tarawa.

A nan ne masanin harshe yake da abin da mai rubuta manhaja ba shi da shi. Shi ne zai tsara jerin kalmomin gwaji da gangan: kalmomin da ke farawa da kowane harafi mai ƙugiya, babba da ƙarami, masu hamza a tsakiya, tagwayen da karin sauti kawai ya raba, masu sh, ts, ƙw da ƙy, harɗaɗɗun kalmomi masu karan ɗori, da mafi tsawon kalmar da ake sa ran samu. Shi ne kuma zai lura idan ƙuri'a ta ba aikatau jam'in suna, ko ta haɗa sunan namiji da jinsin mace. Rumbun ba zai yi ƙorafi a kan irin wannan ba, amma shafin da aka gwada da gurɓataccen nahawu ba zai nuna ko yana fitar da jinsi da jam'i daidai ba. Sunayen mutane kuma a ajiye jerin na maza daban, na mata daban, a haɗa su bisa ƙuri'a, kada a kwafo su daga rajistar masu ba da bayani ta gaskiya.

7. Matakan Bin Sawun Kuskure

Idan zubi ya tsaya, matakin farko shi ne a karanta saƙon har ƙarshe, domin yakan faɗi lambar kuskure da sunan gurbin da abin da aka yi ƙoƙarin sakawa. Na biyu, a rage adadi zuwa layi ɗaya. Idan ɗaya ya shiga amma ɗari suka ƙi, to matsalar ta maimaici ce ko ta wani bayani da ba kullum yake fitowa ba. Na uku, a kafe ƙuri'ar Faker da umarnin seed() da wata lamba tsayayya, ta yadda kowane zubi zai fitar da bayanai iri ɗaya, kuskuren ya daina ɓuya. Na huɗu, a naɗe zubin duka cikin ma'amala ɗaya, wato ko dai komai ya shiga ko kada komai ya shiga, don kada a bar rumbu rabi cike. Na biyar, bayan zubi ya wuce, a fitar da bayanan zuwa fayil a buɗe shi da wata manhaja daban, a duba ko ƙ yana nan a ƙ.

Akwai kuma gargaɗi guda da ya fi sauran nauyi. Umarnin migrate:fresh na Laravel yana rushe dukkan jadawalin rumbu kafin ya sake gina su. A rumbun gwaji wannan shi ake so. A rumbun da ke ɗauke da aikin fili kuwa, daƙiƙa kaɗan sun isa su shafe abin da aka yi watanni ana tarawa. Saboda haka a raba rumbun gwaji da na gaskiya da suna daban da kalmar sirri daban, a duba wanne aka haɗa kafin a ba da umarni, a kuma ajiye kwafin bayanan gaskiya a wani wuri na dabam.

8. Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa kurakuran zuba bayanan gwaji sun kasu gida biyu. Na tsari, irin su 1452 da 1406 da 1292, suna bayyana kansu, kuma gyaransu bai wuce sauya tsarin zubi ko nau'in gurbi ba. Na harshe kuwa, wato na haruffa masu ƙugiya da hamza da karin sauti da jere, sau da yawa ba sa fitowa sai an nemo su da bayanan da suka yi kama da Hausar gaske. Don haka ya dace duk ɗalibin da ke haɗa gwiwa da mai rubuta manhaja a kan ƙamus ko tarin matani ya miƙa masa jerin kalmomin gwaji tun ranar da aka fara zana jadawali, ya kuma nemi ganin yadda suka fito a shafi kafin ya ba da kalma ko ɗaya daga cikin kundinsa na fili.